Zancen Gida: Ɗan da Ba Ya Ganin Fuskar Ubansa

Cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan jiya akwai uku daga Dutse da kewayenta, kukansu kuwa ɗaya ne. Wani dattijon ekklesiya daga wajen Kiyawa ya ce yaran da ya koya wa ayar haddacewa a makarantar Lahadi, yau yana ganin waɗansunsu a tashar Shuwarin suna tangaɗi kamar iska za ta kā da su. Wata 'yar Zumuntar Mata, wadda ta roƙa a ɓoye sunan garinsu, ta ce sai da cikin 'yarta ya kai wata biyar kafin ta sani, a bakin maƙwabciya kuma ta ji. Ta ukun uwa ce daga unguwar Takur. Ɗanta na fari, mai shekara 16, ya daina cin tuwon gida, ba ya shigowa sai dare ya raba, idanu jawur, kuɗin cefane kuma ya fara yin ƙafa. Ga yadda ta rufe wasiƙarta: "Babansa bai rage shi da kome ba. Kuɗin makaranta, sutura, har waya ya saya masa. To, ta ina abin ya ɓullo mana?"

Na gaskata ki, 'yar'uwata. Amma ina so ki kai wa maigidanki wannan tambaya, ki yi ta cikin ladabi bayan ya ci ya sha ruwa: yaushe rabonsa da ya zauna da yaron nan su yi hira, hirar da ba aike ba ce, ba faɗa ba ce, ba kuma tambayar sakamakon jarrabawa ba ce?

Kada wani ya ce na raina girman masifar da ke waje. A shekarar 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalabe miliyan 3 na maganin tari mai kodin kowace rana a jihohin Kano da Jigawa kaɗai. A watan Mayu na 2018 gwamnatin tarayya ta hana yin wannan magani da shigo da shi, bayan gidan BBC ya nuna yadda yake zurarewa daga kamfani zuwa hannun samari. A farkon 2019 kuma aka fitar da rahoton binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha ƙwaya ko wiwi ko makamantansu cikin shekara guda, watau kusan mutum ɗaya cikin bakwai. Ɗaya cikin kowane huɗu na masu shan kuwa mace ce. Ga tiramol, ga sholisho, ga cacar ƙwallo da ta shigo cikin waya. Kayan suna nan a kan hanyar kowane yaro, na fasto da na ɗan kasuwa.

Amma mu lura. Yara biyu, layinsu ɗaya, ajinsu ɗaya, gidan kallon ƙwallonsu ɗaya, aka miƙa wa kowannensu kwalba. Ɗaya ya karɓa, ɗaya ya girgiza kai ya tafi gida. Me ya raba su?

Masana sun daɗe suna bin wannan tambaya. A Amurka an bi gida gida aka yi hira da 'yan makarantar sakandare fiye da 12,000, aka buga sakamakon a 1997. Aka tarar yaran da suke jin iyayensu na kusa da su, suna ƙaunarsu, suna kula da su, su ne suka fi kauce wa taba, giya, wiwi, faɗa da makami, fara zina da wuri, da tunanin kashe kai. Zaman iyaye a gida da safe, da lokacin cin abincin dare, da lokacin kwanciya ya taimaka, amma abin da ya fi nauyi shi ne yaron ya ji a ransa cewa shi abin so ne a gidansu. A shekarar 2000 kuma waɗansu malaman jami'a biyu a ƙasar Suwidin, Hakan Stattin da Margaret Kerr, suka tambayi yara wajen 700 masu shekara 14 tare da iyayensu. Dā ana cewa uban da ya san inda ɗansa yake, sa ido ne ya sa ya sani. Su kuwa suka tarar yawancin abin da iyaye suka sani, 'ya'yan ne suka faɗa musu da bakinsu, don kansu. Yaran da suka saba faɗa wa iyayensu inda suka je da wanda suka gani, su ne suka fi ƙarancin sata, fashin makaranta da rigima da 'yan sanda. Tsare ƙofa da titsiye ba su kai wannan amfani ba.

Ba sai mun je ƙasar Turawa mu koyi wannan ba, amma yana da kyau mu ji an auna an gani. Ka iya bincika jakar ɗanka kowane dare, ka shinshina bakinsa, ka ƙwace wayarsa. Abin da zai koya shi ne inda zai ɓoye kwalbar da kyau. Ba ka da idon da zai bi shi daga Takur zuwa kasuwa, zuwa bayan duwatsu. Idon da kake da shi a can, bakin yaron ne, in ya yarda ya buɗe maka.

A nan ne al'adarmu ta shigo, ina kuwa so mu yi mata adalci. A ƙasar Hausa, da wurin maƙwabtanmu Fulani, akwai kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kama sunansa, uba ba ya wasa da shi a gaban mutane, in an yabe shi sai su kau da kai. Ko sauran 'ya'yan ma, da zarar yaro ya tasa sai uba ya ja jikinsa, don an ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Da kakanninmu suka karɓi bishara sun bar tsafi, amma ba su bar wannan kunya ba, ba kuwa zunubi ba ce. 'Yan'uwanmu da aiki ya kawo daga Filato, ko kudancin Kaduna, ko Adamawa za su ce tasu al'adar dabam ce. Haka ne, amma uban da muryarsa ba ta fita sai da tsawa ana samunsa a kowace kabila.

Abin da muke mantawa shi ne, wannan kunya ba ita kaɗai take tsaye ba a zamanin dā. A babban gida na ƙauye, yaron da uwarsa ba ta kama sunansa yana da kaka wadda ta yaye shi, tana kiransa maigidanta, tana ɓoye masa ƙanzo. Yana da kakansa namiji abokin tsokana. Yana da baffa, da gwaggo, da kawu wanda in abu ya ɓaci can zai gudu, da taubasai abokan wasa. In ya yi abin kunya yana da kunnuwa goma da zai raɗa wa kafin magana ta kai ga uba. Uban ma da ba ya hira da shi, ai tare suke gandu tun daga sassabe har girbi. Kunya kusa da kunya suke noma, yana gyara masa riƙon fartanya, ranar da ya isa kuma ya yanka masa gayauna. Ba a ce "ina ƙaunarka" ba, amma yaron ya sani.

To, sai aka yi jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, Dutse ta zama babban birni. Garin da dā bai wuce Garu da unguwannin da ke gindin duwatsu ba ya cika da sakatariya, barikoki, bankuna da rukunin gidajen ma'aikata, a 2011 kuma aka kafa jami'ar tarayya. Yawancin gidajen masu bi da ke cikin garin yau gidajen baƙi ne: miji da mata da 'ya'ya cikin ɗaki biyu da falo, kaka tana can ƙauye ko wata jiha, kawu sai a waya ranar Kirsimati. Waɗansu iyaye maza iyalinsu na Kano ko Jos, su suna Dutse, sai ƙarshen mako ko ƙarshen wata. A ƙauyukan Jahun, Kiyawa da Birnin Kudu kuwa, da an gama girbi uba ya tafi cirani. Gandu ya watse, dangi sun yi nisa, amma kunyar da ja da bayan mun taho da su cikin kayanmu har birni. Mun riƙe katangar, mun bar ƙofofin a ƙauye. Yaron da ba shi da kaka, ba shi da baffa, ubansa kuma ba a yi masa magana, ina zai kai abin da ke cinsa? Zai kai shi majalisar bakin titi, inda akwai wani babban yaro da ya san sunansa, yake tambayarsa ko ya ci abinci, yake kiransa ƙanena. Wannan babban yaron ne zai fara miƙa masa kwalba, kyauta kuwa.

Ku buɗe 2 Sama'ila sura 13 zuwa 18, ku karanta a sujadar iyali cikin mako guda. Amnon ɗan sarki Dawuda ya ɓata ƙanwarsa Tamar. Dawuda ya ji, ya husata ƙwarai, amma bai yi kome ba. Absalom, wanda suke ciki ɗaya da Tamar, ya haɗiye abin shekara biyu, ba wanda ya zaunar da shi ya ji abin da ke ransa, har ranar da ya sa barorinsa suka kashe Amnon a wurin sausayar tumaki. Ya gudu Geshur wurin kakansa na wajen uwa, ya yi shekara uku. Littafin ya nuna mana zuciyar Dawuda tana wurin ɗansa, har Yowab shugaban yaƙi ya gane, ya shirya dabarar da aka komo da shi. Ku duba wannan da kyau: Yowab ya san uban yana marmarin ɗansa, ɗan bai sani ba. Da Absalom ya iso Urushalima sai sarki ya ce ya wuce gidansa, kada ya zo gabansa. Shekara biyu cur suna gari ɗaya bai ga fuskar ubansa ba.

Absalom ya aika a kira Yowab don ya kai shi wurin sarki, Yowab ya ƙi zuwa. Ya sāke aikawa, ya ƙi. Sai ya sa aka cinna wa gonar sha'ir ta Yowab wuta. Nan da nan Yowab ya zo. Absalom ba yaro ba ne a lokacin, magidanci ne mai 'ya'ya, laifinsa kuma laifi ne babba. Amma duk sa'ad da aka kawo mini labarin yaron da ya fasa shagon maƙwabci, ko ya ɗauki babur ɗin ubansa ya je ya yi karo, nakan tuna da gonar nan. Sau nawa ya aika ba a zo ba kafin ya kunna wuta? Akwai gidajen da yaro bai taɓa samun sa'a guda ta ubansa ba sai ranar da aka je karɓo shi a ofishin 'yan sanda.

An kai Absalom gaban sarki, ya rusuna, sarki ya sumbace shi, ba mu kuwa ji sun yi wata magana ba. Abin da ya biyo baya kun sani. Ya nemi karusa da dawakai da mutum 50 masu gudu a gabansa, ya tsaya a ƙofar gari yana sace zukatan mutane da abin da shi bai samu ba, watau sauraro. Ƙarshensa a kan itace ne, da māsu uku a ƙirji. Ranar ce Dawuda ya hau bene yana kuka, yana kiran sunan ɗansa sau da sau, duk gari na ji. Kalmomin suna bakinsa tun dā, sai dai sun fito ranar da mai su ba ya ji.

Wani zai kawo mini karin maganar nan, so naka duniya ta ƙi shi, ƙi naka duniya ta so shi. Gaskiya ce a wurinta, gama shagwaɓa ma tana kashewa. Wannan Dawuda ɗin, 1 Sarakuna 1:6 ta gaya mana bai taɓa tsawata wa ɗansa Adonaija ba, shi ma kuwa ya ƙare da neman ƙwace gadon sarauta. Uba ɗaya, ɗa ɗaya ya rufe masa fuska, ɗaya ya sake masa linzami, dukansu biyu bai zauna da su ba. Horo wajibi ne, a sa lokacin shigowa gida, a san abokai, in an yi laifi a hukunta. Amma manzo Bulus, da ya ce a goyi 'ya'ya da horon Ubangiji a Afisawa 6:4, a cikin ayar nan ce ya fara gargaɗin ubanni kada su tsokani 'ya'yansu su yi fushi, a Kolosiyawa 3:21 kuma ya faɗi dalili, don kada su karai. Bulala daga hannun wanda kake cin abinci da shi dabam take da bulala daga hannun baƙo mai biyan kuɗin makaranta.

Iyaye mata, ku ma da naku. Abu biyu nake gani. Na fari shi ne "bari babanka ya dawo," har uba ya zama dodon gida, jin ƙarar babur ɗinsa ya sa falo ya watse. Na biyu kishiyarsa ne, "kada babanka ya ji," uwa ta biya kuɗin da aka sata a ɓoye, ta buɗe ƙofa da tsakar dare a hankali. Duka biyun gini ne tsakanin uba da ɗa. Game da 'ya'ya mata kuwa, kunya ta hana uwa da yawa yi wa 'yarta zancen al'ada da na samari, sai gargaɗi a dunƙule, "ki kama kanki." Yarinyar da ta tabbata in ta ce wani malami ko wani mai shago yana damunta, ita za a fara mara, ba za ta faɗa ba. Za ta yi shiru har wata biyar.

Bari in taɓa mu ma'aikatan ekklesiya kaɗan. Litinin taron dattawa, Talata koyon waƙa, Laraba addu'a, Alhamis Zumuntar Mata, Asabar kwamitin gini. Akwai gidajen da hidimar Ubangiji ta cinye kowane maraice, 'ya'ya na gida da talabijin. Eli firist ne, a bakin Haikali yake zama, amma labarin 'ya'yansa a bakin jama'a ya ji shi. Sujadar iyali ma a waɗansu gidaje ta zama kotu, a karanta aya, a juya ta kan wanda ya yi laifi jiya, a rufe da addu'ar da rabinta habaici ne. Yaron da aka yi wa haka zai gudu daga uban, ya haɗa da Littafin.

Manoman dabino na Dutse, inda akwai tashar binciken dabino ta tarayya, sun san wani abu. Ɗan dabinon da ya tsiro a gindin uwa ba a gaggawar cire shi. Akan bar shi shekaru yana sha daga jikinta, a tara masa ƙasa har ya yi nasa saiwoyi, sa'an nan a yanke a dasa. Na kawo wannan ne saboda masu tura yaro ɗan shekara 10 makarantar kwana a wata jiha, ko riƙo wurin dangi a Kano. Sau da yawa dole ce ta sa, ban ga laifinku ba. Amma ku je ranar ziyara, uba da kansa, ba saƙon garin kwaki kaɗai ba. Uban da aiki ya raba da iyali, in ya buga waya kada ya tsaya ga "yaya yara?" A ba kowane yaro wayar, a kira shi da sunansa, ko da laƙabinsa in kunya ta hana.

Wanda ya yi shekara 16 bai yi hira da ɗansa ba, kada ya kira shi gobe ya ce zauna mu yi magana. Yaron zai zaci an kama shi ne. Maza ba su cika buɗe baki ido cikin ido ba, sai kafaɗa da kafaɗa, kamar a gandu. Ka ce ya raka ka gona, ko kasuwa sayen hatsi, ko wurin bakanike. Ka bar shi ya riƙe kuɗin, ya yi cinikin. Ka tambaye shi abin da ya fi ka sani, ko ƙwallo ce ko waya, ka yi shiru ka ji. Ku ci a kwano ɗaya ko sau biyu a mako. Watan fari ba za ka ji kome ba sai "e" da "a'a." Ranar da ya kawo maka wata ƙaramar gaskiya marar daɗi, ya ce abokinsa wane yana shan abu, ko shi ma ya taɓa ɗanɗanawa, ka sani gwaji ne. In ka tashi da mari, ka rufe ƙofar da ka yi wata uku kana turawa. Hukuncin wanda ya faɗa da bakinsa kada ya zama ɗaya da na wanda aka kama.

Ban ce duk yaron da ya lalace iyayensa ne suka jawo ba. Sama'ila annabi ne mai aminci, 'ya'yansa suka zama masu cin hanci. Akwai talauci, akwai zaman banza bayan an gama makaranta, akwai kuma zaɓin yaron kansa. Iyayen da suka yi iyakar ƙoƙarinsu kada su ɗauki wannan shafi ya zama sandar dukan kansu, maƙwabta kuma kada su ɗauke shi su yi musu nuni.

In kuwa yaro ya riga ya kamu, abin ya wuce faɗa. Tiramol da kodin suna kama jiki, mai daina su yakan yi ciwon gaɓoɓi, zawo, zufa da rashin barci, tiramol mai yawa kuma yakan sa farfaɗiya. A kai shi asibiti wurin likita, hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara ban da kamu. A yi addu'a, a kuma sha magani. Kada a kai shi inda za a sa masa mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da mutum wajen 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da sarƙa a ƙafa, watan da ya biyo aka sami irinsa a Daura da Katsina, yawancinsu kuwa iyaye ne suka kai su da hannunsu don a gyara musu hali. Kada mu ce wannan na waɗansu ne, gama an sami ɗaure mutane a gidajen addu'a masu kiran sunan Yesu ma. Kada kuma a kore shi daga gida. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, wanda ka kora kuwa akwai masu jiransa a tasha.

Ga dattijon Kiyawa da sauran dattawa, ga abin da nake roƙo. Dangin da muka baro a ƙauye, ekklesiya ce za ta tsaya a madadinsu. A taronku na gaba ku rubuta sunan kowane yaro da yarinya daga shekara 12 zuwa 19, har da waɗanda suka daina zuwa sujada, musamman ma su. A gaban kowane suna a sa magidanci ɗaya ko uwa ɗaya, ba iyayensa ba, wanda zai zama masa baffa ko gwaggo, ya san makarantarsa, ya kira shi cin abinci, ya riƙe asirinsa, in abu ya yi nauyi ya raka shi gaban ubansa. A fara da 'ya'yan gwauraye da na waɗanda ubanninsu ke aiki nesa. Tsofaffin da suka yi ritaya suna zaune a inuwa, ga aiki ya same su.

Wata mai zuwa filin na 'ya'ya ne. Samari da 'yan mata, ku rubuto abin da kuke so iyayenku su sani amma kun kāsa faɗa. Ba za a buga sunan kowa ko garinsu ba.